Yadda ake yi wa littattafan laburaren ƙauye rajista, kati da lambar kanta

A makarantun sakandare da islamiyyu da dama na karkarar Kano da Jigawa za ka tarar da ɗaki an rubuta "laburare" a ƙofarsa, amma in ka shiga kwalaye ne jibge, wasu ko igiyarsu ba a kwance ba tun ranar da mota ta sauke su. Inda aka jera a kanta kuma, an bi tsayi ne ko launin bango. Ɗalibi ya zo neman littafin kiwon kaji, littafin yana cikin ɗakin, amma babu mai iya nuna inda yake, sai yaro ya juya hannu biyu.

Abin da ake koyarwa a kwas ɗin katalogi da rarraba littattafai na digiri na biyu, a Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello, abu uku ne: a bayyana littafi yadda ba za a rikita shi da wani ba, a faɗi abin da yake magana a kai, a ba shi lambar da za ta nuna mazauninsa a kanta. A can da manyan kundayen ƙa'ida ake aiki, AACR2 na 1978 da RDA da ta biyo bayansa a 2010, domin ɗakunan da littattafansu suka kai dubu ɗaruruwa. Mun rage shi a nan daidai ɗakin da ke da littafi 500 zuwa 3,000, wanda malami ɗaya ke riƙe da makullinsa, ga kuma aji yana jiransa.

Kaya da tankaɗe

Ana bukatar babban littafin rajista mai bango mai tauri irin na ofis, da littafin rubutu na daban wanda za mu kira littafin ƙa'ida. Sai hatimin makaranta da tawadarsa, fensir, baƙin biro, maka mai siririn baki wadda ba ta gogewa, farar takarda, farin gam na kafinta da faffaɗan salatif. Sannan katuna, faɗi santimita 12.5, tsayi 7.5, awon da ɗakunan karatu suka daɗe a kansa. In ba a samu yankakku a shagunan kayan rubutu na Sabon Gari ba, a sayi kwali mai kauri a kai maɗaba'a a yanka da inji. Kada a yanka da almakashi. Katin da ya gaza 'yan'uwansa tsayi yakan nutse a tsakaninsu, yatsa ya tsallake shi, littafinsa ya zama kamar babu. Kowane littafi yana cin kati huɗu a ƙalla, wato littafi 1,000 daban-daban kati 4,000 ke nan. Kafinta ya yi durowa mai faɗin santimita 13 daga ciki, tsawo 40. Kowace za ta ɗauki kati wajen 1,000 ba matsi. A huda kowane kati a tsakiyar gindinsa a zura siririn rodi, domin ranar da durowa ta suɓuce kada aikin zango guda ya watse a ƙasa.

Littafin ƙa'ida shi ne abin da aka fi rainawa, kuma rashinsa ne ke rusa katalogi. Duk sanda ka tsaya kana tunanin "wannan ina zan kai shi", abin da ka yanke ka rubuta shi a ciki da kwanan wata. Bayan wata shida kai kanka ba za ka tuna ba, balle wanda zai gaje ka in an yi maka canjin makaranta. Hukuncin da ba shi ne mafi kyau ba amma ana bin sa kullum ya fi hukunci biyu masu kyau da ke karo da juna, domin na farko yana tara littattafai wuri guda, na biyu yana raba su.

Kafin a rubuta komai a zazzage kwalaye a yi tankaɗe. Wanda gara ta shiga ko ya yi fumfuna a fitar da shi daga ɗakin a ranar, don yana harbin na kusa da shi. Cikin littattafan kyauta daga ƙasashen waje akan sami jagorar kwamfutar da aka daina ƙerawa ko dokar harajin wata ƙasa. Kada a ɓata musu kati. Yagaggun takardu masu ayoyi a kai wa malamai su yi abin da ya dace da su, ba a haɗa su da shara.

Rajista

A ja layuka a littafin rajista: kwanan wata, lambar shiga, marubuci, take, maɗaba'a, shekara, inda aka samo shi, kuɗinsa, da gurbin bayani a ƙarshe. Lambar shiga ta kwafi ce. In gwamnati ta kawo littafin lissafi kwafi 60, lamba 60 za su ci a jere, amma katunansu saiti ɗaya ne. A bar kwafi uku zuwa biyar a kanta, sauran su zauna a sito a riƙa ba aji-aji. Lambar da aka taɓa bayarwa ba a sake ba wani littafi ita, ko da na farkon ya ɓata ko ya ƙone, domin da ita ake gane wane kwafi ne ke hannun wane.

A buga hatimi a cikin bango, da bayan shafin take, da wani shafi guda da aka zaɓa wa duka littattafai, misali shafi na 21, a rubuta lambar shiga a cikin hatimin. Mai son ɓoye asalin littafi yakan yage shafin farko, ba kasafai yake tuna na tsakiya ba. Alƙur'ani kam ba a buga masa hatimi a kan rubutu. A tsaya a cikin bango.

Abin da ake rubutawa a kati

Daga shafin take ake kwafo bayani, da bayansa. Bango ba abin dogaro ba ne, sau da yawa taken da ke jikinsa an gajarta shi ko an yi masa ado. Littafin Larabci shafin takensa yana ɗaya ɓangaren, wasu kuma sunan maɗaba'a da shekara sai a shafin ƙarshe. Ga siffar kati na farko, katin marubuci, da littafin da kusan kowace makaranta take da shi (lambar da ke sama da haruffa ukun da ke ƙarƙashinta bayaninsu yana gaba):

893.723
IMA
Imam, Abubakar
Magana jari ce / Abubakar Imam. — Zariya : NNPC, shekarar bugun da ke hannunka. — juzu'i 3 : zane, tsayi a santimita.

Alamomin nan ba ado ba ne. Karkataccen layi yana raba take da mai aikin, ɗigo biyu suna raba gari da maɗaba'a, kuma haka suke a yawancin katalogi na duniya, har mutum ya iya gane sassan kati ko da bai san harshen ba. In bugu na biyu ne ko wanda aka yi wa gyara, a faɗa bayan sunan marubuci. In littafi juzu'i ɗaya ne a rubuta yawan shafuka, wato lambar shafin ƙarshe da aka buga. Tsayi ana auna shi da rula a cike shi zuwa sama: 21.3 ya zama 22.

Sunaye su ne inda aiki yake cakuɗewa a ƙasar Hausa. Ƙa'idar da aka saba ita ce a fara da yankin ƙarshe na suna, ko da sunan gari ne: Zungur, Sa'adu, Kano, Aminu. Alhaji, Malam, Hajiya, Shehi, Dokta da Farfesa duk a ajiye su, in ba haka ba rabin durowa zai taru a ƙarƙashin A da M. Sai dai mu Hausawa da sunan yanka muka san mutum, ba yaron da zai fara neman Sa'adu a harafin Z. Maganin wannan shi ne katin "duba": kati mai layi biyu kacal, "Sa'adu Zungur, duba Zungur, Sa'adu". Kati ɗaya ne ga kowane marubuci, ba ga kowane littafi ba.

Mutum ɗaya, suna ɗaya a katalogi. Shehu Usmanu zai zo maka a littattafai a matsayin Usman ɗan Fodiyo, Usmanu Danfodiyo, Uthman dan Fodio, Uthman ibn Fudi, ga kuma na rubutun Larabci. In ka bi kowane littafi yadda ya rubuta, ayyukan Shehu za su watsu a D da F da I da U. Ka zaɓi siffa ɗaya ta saman kati, ka rubuta ta a littafin ƙa'ida, sauran ka yi musu katin "duba". A jikin bayanin kuwa, bayan karkataccen layi, sai ka kwafo yadda littafin ya rubuta ba tare da gyara ba. Haka za a yi da Muhammad da Mohammed da Muhammadu in mutum ɗaya ne, da marubuciyar da ta fara da sunan mahaifinta ta koma na mijinta, ko take sa "Maman wane" a wasu littattafanta. Malaman Larabawa na da ana shigar da su da sunan da aka fi sanin su da shi, Bukhari, Nawawi, Malik, kuma "al-" ba a lissafa ta wajen jeri.

In marubuta biyu ne ko uku, na farko ke hawa sama, sauran a yi musu ƙarin kati. In sun wuce uku, ko edita ne ya tattara rubuce-rubucen mutane, tsohuwar ƙa'ida, wato AACR2, ta ce take ya hau sama. RDA ta sassauta wannan, amma ga mai rubuta kati da hannu tsohuwar ta fi sauƙi. Alƙur'ani ba a sa masa marubuci. Kalmar "Alƙur'ani" ke hawa sama, mai fassara, kamar Shehi Abubakar Mahmud Gumi a fassararsa ta Hausa, ya sami ƙarin kati. A layin bayani a faɗi ruwaya, Warshu ko Hafsu, don mai nema zai tambaya. Littafin da matani ke tsakiya sharhi ya kewaye shi, a duba yadda shafin take ya gabatar da shi: in a matsayin sharhi ya zo, mai sharhi ne a sama, mai matani ya sami ƙarin kati.

Shekara ma tana da tarko. Bayan shafin take yakan jero shekaru da yawa. Wadda ake so ita ce ta bugun, ba ta maimaita bugawa ba, domin maimaici bai canja ko harafi ba. Littattafan hikaya na kasuwar Kano da ƙananan littattafan addini na Kurmi da yawa ba shekara, ba sunan maɗaba'a. A duba ƙarshen gabatarwa ko godiya, marubuta kan sa kwanan wata a can. In ƙiyasi aka yi, a sa shi cikin baka mai kusurwa da alamar tambaya, [2005?], wanda ke nuna ba daga littafin aka kwafo ba. Shekarar Hijira a rubuta ta yadda take a ƙara ta Miladiyya: a ninka da 0.97 a ƙara 622. Misali 1420 ta ba da 1999, kuma lissafin kan iya kaucewa da shekara ɗaya tunda shekarun biyu ba rana ɗaya suke farawa ba. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi ta ƙasa da ƙasa, a kwafe ta in akwai. Na Najeriya masu lamba 13 suna farawa da 978-978, Laburaren Ƙasa ne ke bayar da su. Kada a dogara da ita kaɗai, akan tarar da lamba ɗaya a jikin littattafai biyu daban.

Lambar Dewey: inda za a gajarta da inda za a tsawaita

Yawancin jami'o'in ƙasar nan tsarin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka suke bi, mai haɗa harafi da lamba, wanda kundayensa suka cika kanta. Ƙaramin ɗaki tsarin da Melvil Dewey ya fitar a 1876 ya fi dacewa da shi, saboda ana iya datse lambarsa ta ci gaba da aiki. Gida goma ne: 000 kwamfuta da ilimi na bai ɗaya, 100 falsafa da halayyar ɗan'adam, 200 addini, 300 zamantakewa da shari'a da ilimi da tattalin arziki, 400 harsuna, 500 kimiyya, 600 fasaha da noma da lafiya, 700 zane da wasanni, 800 adabi, 900 tarihi da labarin ƙasa. Gajeren kundin Dewey, bugu na 15 na 2012, juzu'i ɗaya ne kuma ya ishi makaranta. In ba a same shi ba, taƙaitaccen jerin gidaje dubu yana intanet kyauta, a buga shi a takarda.

Ba a ba littafi lamba daga take. A karanta jerin abin da ke ciki da gabatarwa, a buɗe babi ɗaya ko biyu. Littafi mai suna "gero" zai iya zama na noma, ko na girki, ko waƙa, kuma gidajensu 633 da 641 da 893. In littafi ya haɗa fanni biyu, wanda ya fi yawa a ciki ke ɗauka; in sun yi daidai, wanda lambarsa ta riga zuwa; in uku ne ko fiye, a hau zuwa lambar da ta game su, kamar 500 ga littafin da ya haɗa fiziks da kemistiri da bayoloji.

Ƙa'idar tsawon lamba mai sauƙi ce: inda littattafai suka yi kaɗan lamba uku ta isa, inda suka yi cunkoso a tsawaita. Littafi shida na falsafa ba sa bukatar ɗigo. A ɗakin karatun karkararmu wuri uku ne ke cika, addinin Musulunci, Hausa, da noma.

Dewey ya ba Kiristanci daga 220 zuwa 280, ya cusa Musulunci gaba ɗaya a 297. In ka tsaya a 297 kawai, littafi ɗari uku za su zama lamba ɗaya, tafsiri a gefen tarihin Annabi a gefen littafin addu'o'i. Wasu kan ƙirƙiro nasu lambobin su mamaye 210 zuwa 290. Ba mu ba da wannan shawara, don daga ranar ba za ka ƙara iya kwafo lamba daga ko'ina ba, kuma wanda ya gaje ka ba shi da kundin da zai duba. A tsawaita kawai: Alƙur'ani da tafsiri 297.122, tauhidi 297.2, ibada irin su salla da azumi da hajji 297.3, tasawwufi 297.4, ladubba da kyawawan halaye 297.5, tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, 297.63. Hadisi yana 297.124 a tsofaffin bugu, bugu na 23 na cikakken kundin ya mayar da shi 297.125, saboda haka za ka ga lambobin biyu a bayan shafin take na littattafai daban-daban. Ka zaɓi ɗaya ka rubuta. Fiƙihu kuma Dewey ya raba shi gida biyu: hukuncin ibada a 297.14, abin da ya shafi mu'amala irin aure da gado da ciniki a 340.59. Littattafanmu na Malikiyya, irin Risala, sun haɗa duka a bango ɗaya. A islamiyya gara a tara su a 297.14, domin mai neman babin gado da mai neman babin tsarki mutum ɗaya ne, kuma ba zai je kantar dokokin Najeriya ba.

Harshen Hausa 493.72 ne, ƙamus 493.723, nahawu 493.725. Adabinsa 893.72: waƙa 893.721, wasan kwaikwayo 893.722, ƙagaggen labari 893.723. Larabci 492.7, adabinsa 892.7. Adabi yana bin harshen da aka fara rubuta shi da shi, ba ƙasar marubuci ba. Labarin da ɗan Najeriya ya rubuta da Turanci 823 ne, labarin Hausa da aka fassara zuwa Turanci yana nan a 893.723 kusa da asalinsa. Tatsuniya ba ta shiga nan, tana 398.2, karin magana 398.9. Littafin hikaya mai kashi na ɗaya zuwa na huɗu kati ɗaya ne, a rubuta da fensir waɗanne kashi ake da su, don a gyara in na uku ya iso.

Noma: masara 633.15, gero 633.171, dawa 633.174, shinkafa 633.18, wake 633.33, gyaɗa 633.368, kayan lambu 635, shanu 636.2, awaki 636.39, kaji 636.5, kiwon kifi 639.3, ban ruwa 631.587. Makarantar da ke Kura ko kwarin Haɗeja, inda noman rani ya zama sana'ar gida, za ta so waɗannan a rarrabe. A lura da jerin nan da kyau, domin a nan masu taimakawa ke kuskure: 633.171 tana zuwa kafin 633.18, ko da yake 171 ta fi 18 yawa. Bayan ɗigo ba a karanta lamba dunƙule, ɗaya bayan ɗaya ake gwadawa, 1 da 1, sannan 7 da 8. A koya wa ɗaliban da ke mayar da littafi kanta wannan da gero da shinkafa tun ranar farko.

Akwai 'yan wutsiyoyi da ake liƙa wa lamba. Wutsiyar 076 ta tambayoyin jarrabawa ce: lissafi 510.76, kemistiri 540.76, bayoloji 570.76, amma fiziks 530.076, da sifili biyu, saboda gurbin farko an riga an ba wani abu. Da haka littattafan tambayoyin WAEC da NECO da JAMB suke zama tare da darasinsu. Wutsiyar 09669 tana nufin "a Najeriya": noma a Najeriya 630.9669, ilimi a Najeriya 370.9669. Tarihin Najeriya kansa 966.9, labarin ƙasarta 916.69.

Littattafai da yawa, musamman na waje, an buga musu lamba a bayan shafin take. A yi amfani da ita bayan an duba abu biyu: ta Dewey ce ko mai harafi ta tsarin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, irin BP ko PL, sannan ta dace da abin da ke littafin ƙa'ida. In an ga karkataccen layi a tsakiyar lambar, kamar 966.9/05, nan ne wurin datsewa ga ƙaramin ɗaki.

A ƙarƙashin lamba a sa haruffa uku na farkon sunan da ke saman kati, IMA ga Imam. Tarihin rayuwar mutum kuwa haruffan wanda aka rubuta a kansa ake sawa, don littattafansa su haɗu.

Katin maudu'i da jeri

Kati na biyu da na uku kwafin na farko ne, an ƙara layi a sama: ɗaya da take, ɗaya da maudu'i da manyan haruffa. Kundin maudu'ai na Sears, wanda aka fara fitarwa a 1923 don ƙananan ɗakuna, da Turanci yake, kuma yaron aji ɗaya a ƙauye ba zai nemi zazzaɓi da kalmar Turanci ba. A yi maudu'ai da Hausa, a tara su a bayan littafin ƙa'ida. Kalma ɗaya ga abu ɗaya: in an zaɓi ZAZZAƁIN CIZON SAURO, to "Maleriya" katin "duba" ne. In abu biyu suna da dangantaka kuma duka ana amfani da su, kamar NOMAN RANI da BAN RUWA, sai katin "duba kuma". A zaɓi kalmar da ta fi matse batun. Littafin kiwon kaji KAJI ne, ba NOMA ba. Maudu'i uku sun isa ga littafi ɗaya.

Katunan marubuci da take da maudu'i a jera su tare bisa abacada, kalma bayan kalma: "Gida biyu" kafin "Gidan gona", don gajeriyar kalma ke riga. The da A da An na farkon taken Turanci ba a lissafa su. Haruffa masu lanƙwasa kuwa, ƙamus yana raba k da ƙ, d da ɗ, b da ɓ, amma littattafai da yawa an buga su ba lanƙwasa, ɗalibai ma haka suke rubutawa. A rubuta su daidai a kati, a jera su tare kamar harafi ɗaya. Sh ta bi s, ts ta bi t.

Kati na huɗu shi ne katin kanta. Ana jera shi bisa lambar Dewey, daidai yadda littattafai suke tsaye, yana ɗauke da lambobin shiga na duk kwafi. Durowarsa tana teburin malami, ba ta ɗalibai ba ce. A bayan katin marubuci kuma a rubuta jerin duk katunan da aka yi wa littafin.

Liƙa lamba da jera kanta

A yanka farar takarda santimita 3 da 2.5, a rubuta lamba a sama haruffa a ƙasa. A yi ɗan ma'auni na kwali mai santimita 3 a riƙa aunawa daga gindin littafi, don lambobi su tsaya layi ɗaya ido ya bi su. A shafa farin gam a ƙarƙashi, a rufe da faffaɗan salatif da zai zagayo bango ta kowane gefe. Siririn salatif shi kaɗai ba ya kai shekara: zafin bazara ya narkar da gam ɗinsa, hunturu ya busar da shi, ƙura ta shiga ya faɗi. Shi ya sa ake rubuta lambar da fensir a bayan shafin take, in takarda ta faɗi minti ɗaya ne gyaranta. Siraran littattafai, irin na hikaya da ƙananan na addini, ba su da gadon bayan da zai ɗauki lamba. A liƙa a bango kusa da ɗinki, kullum a gefen da ke kallon dama in littafi yana tsaye, ko na boko ne ko na Larabci, a tara su cikin kwali mai buɗaɗɗen baki da aka rubuta wa lamba. Ƙamus da atlas da sauran waɗanda ba a bayarwa aro a ɗiga musu jan maka a saman lamba da kuma a kati.

Jeri daga hagu zuwa dama, daga sama zuwa ƙasa, a gama kanta ɗaya kafin a tsallaka. A bar kashi ɗaya cikin huɗu na kowane layi fanko, in ba haka ba kwali ɗaya na sababbin littattafai zai sa a matsar da ɗakin duka. Layin ƙasa ya ɗaga daga daɓe da santimita 15, kanta ta bar bango da faɗin tafin hannu, a riƙa leƙa bayanta kowane mako da damina don ganin hanyar gara. In jerin lamba ya kai 297.122 layin ƙasa, ba a bin lamba a nan. A ba Alƙur'ani da tafsiri layin sama, a ajiye ɗan katako a gurbinsu da rubutun inda aka mayar da su.

Rubutun hannu na ajami ko Larabci da wani gida ya kawo, warwaran takardu cikin gafaka, ba a yi masa hatimi ko gam ko salatif, ba a kuma bayar da shi aro. A ƙirga ganyayensa ba tare da sauya jerinsu ba, a kwafo layin farko da na ƙarshe a kati tunda sau da yawa ba shi da take, a rubuta lambar shiga a wata 'yar takarda a sa cikin gafakar.

In akwai kwamfuta

Koha manhaja ce ta kyauta da ɗakunan karatu da yawa ke amfani da ita, amma tana son wuta tsayayya da wanda zai kula da ita. Inda sola ɗaya ce ke ɗauke da ofis, a fara da Excel, kowane bayani da layinsa na tsaye, bisa gidajen MARC, tsarin da ake shigar da bayanin littafi a kwamfuta, don a iya kwashewa zuwa Koha daga baya: 020 ISBN, 082 lambar Dewey, 100 marubuci, 245 take, 250 bugu, 264 gari da maɗaba'a da shekara, 300 shafuka, 650 maudu'i, 700 ƙarin suna. Kafin a shigar da komai a mayar da layin Dewey da na ISBN su zama na rubutu maimakon na lissafi. In ba a yi ba, 004 za ta koma 4, ISBN kuma ta dunƙule ta zama wani abu mai E a tsakiya. Kwamfuta tana ɗaukar k da ƙ a matsayin haruffa biyu, don haka a ƙara layi guda na take ba lanƙwasa saboda bincike. A kwafe fayil a filashi kowace Juma'a, a buga shi a takarda kowane zango. Ranar da waya ta sami sabis, katalogin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka a buɗe yake kyauta, ana iya duba gida na 082 na littafin da ya gagara.

Ƙidayar shekara

A yi ta a dogon hutu, bayan an karɓo duk aro. Mutum biyu ne: ɗaya riƙe da durowar katin kanta yana karanta lambar shiga, ɗaya yana zaro littafi yana dubawa a cikin hatimi. Wanda ba a gani ba a yi wa lambarsa alama da fensir, a jira zango ɗaya, don wasu suna gidan malamai, wasu sun faɗa bayan kanta. In zango ya wuce bai fito ba, a rubuta "ya ɓata" da kwanan wata a gurbin bayani na rajista. In shi ne kwafi na ƙarshe, a juya bayan katin marubuci, a bi jerin da aka rubuta, a zare katin take da na maudu'i da na ƙarin suna ɗaya bayan ɗaya. Katin "duba" na marubucin a bar shi in yana da wani littafi a ɗakin, in babu shi ma a zare.